Duna da Guntun Tiyo

Duk wanda ya ƙara ce min "ai kare ne kawai," wallahi sai ya ji abin da bai shirya ji ba. Na gaji da maganar nan. A ƙofar masallaci an faɗa min, a bakin kanal an faɗa min, har matata Kubra ta taɓa faɗa sau ɗaya, da ta ga yadda fuskata ta koma ba ta sake ba. Na san kare ne. Ni na raine shi da hannuna, wani ne zai zo ya gaya min ko mene ne shi?

Sunana Isiyaku. Tumatir nake nomawa da rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake zuwar mana har bakin gona. Mutanen garinmu sun san ni da zuciya, ni ma ban taɓa musu ba. Amma duk zafin raina, akwai halitta ɗaya da ban taɓa ɗaga wa hannu ba. Shi ne Duna, baƙin karen da Gidaɗo ya ba ni yana ɗan kwikwiyo, a shekarar dubu biyu da biyu.

Gidaɗo Bafillace ne, rugarsu tana bayan gonakinmu tun zamanin kakanni, kuma burtalin da shanunsa suke bi zuwa mashaya ya ratsa ta gefen filin da nake shanya. Wanda bai san wahalar tumatir ba, bari in gaya masa. Idan ya nuna gaba ɗaya ya cika kasuwa har ya rasa mai taya shi, yanka shi muke yi mu baje a rana, ya bushe ya zama kauɗa, mu adana sai damina. To shanu da awaki ina ruwansu da wahalarka? Su dai sun ga ja a ƙasa. Duk shekara sai sun faɗa min shanya, duk shekara sai na wanke Gidaɗo tas, shi kuma ya rataya sanda a wuya ya tsaya yana kallona har in gaji in yi shiru.

Ran nan, bayan na gama zazzaga masa, sai ya ce, "Isiyaku, ka gama?"

Na ce, "Ban gama ba, numfashi nake."

Ya yi dariya, ya juya ya kira wata farar saniya da sunanta. Tana can tsakiyar garke, amma ta ɗago kai ta ratso 'yan uwanta ta zo har gabansa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan guntun kanwa ya ba ta.

Ya ce, "Wannan tun da aka haife ta ban taɓa dukanta ba. Sandar nan ta nuna hanya ce. Abin da yake kiranta yana cikin aljihu. Karyata ta haihu, gobe zan kawo maka ɗaya. In kana da haƙurin koya masa, shi zai raba mu faɗan nan."

Ka ji fa, ni ake tambaya ko ina da haƙuri. Don ma in ba shi kunya na karɓa.

Ba ni da kanwa, ƙuli-ƙuli nake da shi, don Kubra tana yin na sayarwa. Na zagaye filin shanya da igiya a ƙasa. In Duna ya bi ta bayan igiyar sai in ce "yauwa," in jefa masa ɗan gutsure. In ya tsallaka ciki, ba zagi ba duka, sai in juya masa baya in rufe aljihuna. Wannan juya bayan ya fi masa bulala ciwo, don sai ya fito da gudu ya zagayo ta gabana yana leƙen fuskata. Dole ne ya koyi wannan kafin komai. Wa zai sayi kauɗar da kare ya taka? Kai ko a miyar gidanka ba za ka yarda a sa maka ba.

Daga nan muka koma kan awaki. In na yi masa fito ɗaya da baki, ya zagaya ya tare gabansu. Fito biyu, ya dawo ya zauna a ƙafata. Ya yi haushi iya son ransa, amma haƙori bai taɓa dabba ba. Ranar da ya tare akuya ya tsaya cak bai bi ta ba, curi guda na ba shi, har na yi masa kirari kamar wani ɗan dambe. Mutane suna wucewa da tiyo a kafaɗa, irin wanda muke zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa gona, suna nuna ni suna dariya, wai Isiyaku ya buɗe makarantar karnuka. Ko a jikina. Wata tara muka yi a haka. Da rani ya zagayo, garken Gidaɗo kaf yana wucewa ta gefen shanyata, Duna yana sintiri a bayan igiya, ko ƙwayar kauɗa ɗaya ban rasa ba. Shekara biyu cur ni da Gidaɗo ba mu ɗaga wa juna murya ba, har nono matarsa take aiko wa Kubra.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, shi ne yayana Lukmanu, uwa ɗaya uba ɗaya, gonarsa tana jikin tawa. Da ƙuruciya ya taɓa bin 'yan farauta sau biyu, tun daga nan ya naɗa wa kansa sarautar sanin kare. Duk ya gan mu sai ya taɓe baki.

"Wannan ba kare ba ne, ɗan lele ne. Dubi kunnuwa kamar ganyen kabewa. Kare sai an yanke masa kunne, an sa masa barkono a tuwo, ya sha ɗauri ya sha duka, sannan zuciyarsa take fitowa. Wannan ko ɓarawo ya zo sai dai ya raka shi gida."

Sai in ce, "Yaya, ba ɓarawo na ajiye shi ya kama ba. Shanu yake tarewa, yana kuma tarewa."

Sai ya ce, "Yaro man kaza," ya wuce. Yaro, ni da furfura a gemu.

A ranin dubu biyu da biyar ne na bi motar tumatir zuwa Ikko, don na gaji da yadda dillalai suke yi mana. Tafiyar kwana bakwai na shirya. Na bar wa Yaya Lukmanu gona da shanya da kare, na kuma ja masa kunne cikin ladabi. Na ce, "Yaya, ƙanzo da ruwa kawai za ka ba shi. Aikin ya san abinsa, ba sai ka ce masa komai ba." Ya ce in tafi kawai, Allah ya kiyaye hanya. A dawowa mota ta lalace mana a wajen Mokwa, muka yi ta zaman jiran kayan gyara. Lokacin wayar hannu ba ta iso hannun irinmu ba. Kwana goma sha shida na yi ban san abin da ake ciki a gida ba.

Da na shiga gida Kubra ta yi min sannu da zuwa, amma ta ƙi haɗa ido da ni.

"Malam, ka fara cin abinci tukuna."

"Me ya faru?"

"Ka ci dai."

Ban ci ba. Ko takalmi ban cire ba na miƙe gona.

Tun daga nesa na yi fito biyu. Shiru. Da can kafin in rufe baki ya iso, yana neman kayar da ni. Na sake yi, shiru. Sai da na ƙarasa gindin darbejiyar da ke bakin filin shanya na gan shi. An ɗaure shi da sarƙa a jikin turke, sarƙar ko kamu uku ba ta kai ba. Kunnuwan nan babu su, sai guntaye biyu da baƙin jini ya bushe a kai, ƙudaje sun yi musu baƙi ƙirin. Haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa. A gefe ga kasko da ragowar tuwo ja wur da barkono, ga kuma guntun tiyo kamar kamu biyu a yashe a ƙasa. Na ce, "Duna." Ya ɗago ya dube ni, ya yage baki ya yi min gurnani. Ni, Isiyaku.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsugunna a wurin.

Ina nan tsugunne sai ga Yaya Lukmanu ya taho daga gonarsa, fuska a washe kamar wanda ya kawo min tsarabar Makka.

"A'a, mutanen Ikko! Saukar yaushe? Ka ga yadda na gyara maka shi ko? Yanzu ka sami kare."

"Yaya, me ka yi masa?"

"Abin da ya kamata ka yi tun yana ƙarami. Da farko fa taurin kai ya yi min. Akuya za ta zo har gabansa, sai ya tsaya yana mata haushi kamar mai gaishe ta. Ni kuwa duk ya bar akuya ta wuce bai cafke ta ba, sai in zabga masa tiyon nan. Kwana biyar ya gane karatun. Jiya har sai da ya fizge wa wata bindi."

Ka ji min mutum! Abin da na yi wata tara ina ginawa da ƙuli-ƙuli ya rushe shi da tiyo cikin mako biyu, kuma yana tsaye yana jiran godiya. Wannan ai shi ne gyaran gangar Auzinawa. Wallahi zuciyata tafasa take yi. Da wani ne ba shi ba, da ranar sai an kira mutane sun raba mu. Amma shi ya goya ni, shi ya tsaya min a aurena bayan rasuwar mahaifinmu. Na haɗiye. Abin da kawai na iya cewa shi ne, "Wa ya sa ka? Yaya, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Au, abin ma laifi ne? To Allah ya ba ka haƙuri, mai kare." Ya karkaɗe riga ya tafi.

Daga nan ni ma na tafka tawa wautar, ba zan ɓoye ba. Na kasa jure ganin sarƙar nan a wuyansa, sai na lallaɓa na kwance shi, ina ganin in ya ji shi a sake zai dawo hayyacinsa. Washegari da hantsi shanun Gidaɗo suka taho kamar kullum. Ina tsakiyar gona ina ba da ruwa na ji ihu. Kafin in iso Duna ya kayar da wani ɗan jan maraƙi, ya kafa masa haƙori a cinya yana girgiza kai. Na yi fito biyu har numfashina ya ɗauke, ko waiwaye bai yi ba. Sai da na yafa masa buhu a ka muka ɓamɓare shi ni da Gidaɗo. Maraƙin bai mutu ba, amma naman cinyar a waje yake, uwar tana ta kuka tana zagaya mu.

Gidaɗo ya daɗe yana kallon guntayen kunnen nan. Ya ce, "Wannan ba aikinka ba ne."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya saɓa maraƙinsa a wuya ya tafi, bai ƙara kalma ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Kafin la'asar magana ta isa zauren mai unguwa Dattijo. 'Yan uwan Gidaɗo sun zo, masu awaki na cikin gari sun zo, wuri ya cika. Kowa abu ɗaya yake faɗa: karen da ya ɗanɗana jinin dabba ba ya dainawa, a ba 'yan farauta su kai shi daji su gama da shi. Haka ake yi tun da, ni ma na sani. Mai unguwa ya dubi yayana ya ce, "Lukmanu, kai ne babba, me ka ce?"

Ka san abin da mutumin nan ya faɗa? Ko kunyar idona bai ji ba.

"Ranka ya daɗe, a kashe shi mana. Kare ne fa. Don kare za a tara dattawa?"

Na yunƙura zan miƙe, na kusa da ni ya danne min gwiwa. Sai Gidaɗo ya yi gyaran murya. Shi ne mai maraƙi, don haka kowa ya yi tsit.

"Ranka ya daɗe, ni aka yi wa ɓarna, ba na kuma neman komai. Amma karen nan ɗan karyata ne, shekara biyu yana tare min shanu bai taɓa ko gashin ɗaya ba. Koya masa cizon aka yi. Abin da aka koya ana iya saukewa. A ba Isiyaku kwana bakwai."

Aka yi ta gunaguni. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Isiyaku, ka ji. Laraba mai zuwa da hantsi zan zo bakin shanyarka da kaina. Gidaɗo zai koro garkensa, har da maraƙin in yana iya takawa. Za ka saki karen, ba igiya ba sarƙa. In ya tare su lafiya, ya sha. In haƙorinsa ya taɓa dabba, daga nan 'yan farauta za su wuce da shi, kada kuma in ji bakinka."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Na gode."

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ya zan yi? Na cire masa sarƙa na sa doguwar igiya mai laushi. Ranar farko nesa da shi na zauna, ban ko dube shi ba, sai dai in jefa ƙuli-ƙuli in kau da kai. Har azahar bai taɓa ba. Can na ji ƙurus-ƙurus a bayana, wallahi sai da hawaye ya zubo min, ni da ko a jana'izar babanmu ban yi kuka a gaban mutane ba. Rana ta biyu ya ci a kusa da ƙafata. Rana ta uku ya bari na wanke masa kunnuwan da ruwan ɗumi da gishiri, jikinsa yana ɓari amma bai yi gurnani ba. Na aro akuyar Kubra na ɗaure ta can nesa, duk ya dube ta ya juyo ya dube ni sai in ce "yauwa," in ba shi. Kullum ina matso da ita kaɗan kaɗan. Gonata tana neman ruwa, ganye ya fara lanƙwashewa, ko ta kanta ban bi ba. Sau biyu Kubra tana soya min sabon ƙuli-ƙuli a makon nan.

A rana ta huɗu na gano inda babban ciwon yake. Wani maƙwabcin gona ya zo wucewa da tiyo a kafaɗa, ko kallonmu bai yi ba. Duna ya watsar da abin da ke bakinsa, ya ruga har igiya ta fizgo shi ya faɗi, ya tashi yana neman ya shige ƙarƙashin saiwar darbejiya. Kai jama'a! A ƙasar da kowane namiji yake yawo da tiyo daga safe har yamma, a ce da shi aka zaɓa a daki kare? Ko da sanda ce ai da sauƙi. Na zauna na yi ta tsine wa wautar nan a raina, sunan mai ita ne kawai ban kama ba.

Sai na ɗauko guntun tiyon nan da aka dake shi da shi, na ajiye can taku ashirin, na ba shi ƙuli-ƙuli. Na matso da shi taku ɗaya, na ba shi. In ya fara ɓari sai in mayar baya mu sake. Haka muka wuni, haka muka sake wuni. Ranar Talata da yamma tiyon yana hannuna na hagu, a sauke, kansa yana taɓa ƙasa, Duna ya zo ya ci a tafin hannuna na dama. Yana ci yana satar kallon tiyon, amma ya ci. Da ya gama ya ɗora haɓarsa a gwiwata, ya kaɗa bindi sau biyu. A hannun kowa a duniya ba zai yarda da abin nan ba sai a nawa, na kuma san haka.

Ranar Laraba tun kafin hantsi bakin shanyata ya cika kamar ana rabon taki. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kowa ya ajiye tiyonsa can bakin kanal, suka ajiye suna min dariya. Aka shimfiɗa wa mai unguwa tabarma a gindin darbejiya. 'Yan farauta biyu suna tsaye a gefe da igiyarsu a hannu, ko kallon inda suke ban so yi ba. Kauɗa tana baje a fili ja jawur, igiyata tana zagaye da ita. Na kwance Duna, ya zauna a ƙafata.

Sai ga ƙurar garke. Bakina ya bushe ƙaf, har ina tsoron fiton ba zai fita ba. Shanun gaba suka wuce salin-alin. Can wani baƙin sa ya karkato kai ya nufo shanya. Na yi fito ɗaya. Duna ya tashi kamar an harba shi, ya bi ta bayan igiya, ya sha gaban san nan ya kafe ƙafa yana haushi. San ya tsaya, ya yi huci, ya juya ya koma burtali. Duna bai bi shi ba. Wata saniya ta gwada, ya mayar da ita. A ƙarshen garke ga jan maraƙin nan yana ɗingishi, cinya ɗaure da tsumma, Gidaɗo yana bayansa. Ya zo ya wuce ta gaban hancin Duna, wallahi bai fi kamu ɗaya tsakaninsu ba. Na ga gashin bayan Duna ya miƙe. Sai ya juyo da kai ya dube ni.

Na yi fito biyu. Ya taho a guje ya zauna a ƙafata, na zuba masa duk abin da ke aljihuna.

Wuri ya kaure da sowa. Mai unguwa ya ce, "To, masha Allah. Ido ya gani. Kare ya sha. Ku kuma ku naɗe igiyarku ku tafi." Gidaɗo yana can yana murmushi yana gyaɗa kai. Ni kuwa ji nake kamar an sauke min buhun masara daga ka.

Da a nan aka tashi, da yau ba na ba da labarin nan da ɗacin rai.

Sai ga Yaya Lukmanu ya ratso mutane. Daga gonarsa yake, tiyonsa a hannu, shi kaɗai ne ban samu na roƙa ba don tun ranar zaure ba mu yi magana ba. Ya tsaya a gaban mai unguwa yana nuna Duna da baki.

"Ranka ya daɗe, kun gani ko? Da ana cewa na yi laifi. Yanzu wa ya ga yadda yake jin magana? Ai tun da ya sha hannuna ya nutsu. Kare sai da duka. Isiyaku dai ba ya son a faɗi gaskiya ne, amma aikina ne wannan."

Har wasu suka fara cewa, "Kuma fa haka ne."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Idona ya rufe. Na fizge tiyon daga hannunsa, na ɗaga shi sama iya tsawon hannuna, na daka tsawar da ni kaina ban san ina da ita ba. "Aikinka? Aikinka, Yaya? Ka yanke masa kunne, ka ce a kashe shi, yanzu kuma aikinka?" Ban dake shi ba, Allah ne shaidata. Ƙasa na zabga wa a gaban ƙafarsa, fau, har ƙura ta tashi.

Na manta Duna ya biyo ni. Yana nan a jikin ƙafata, inda na koya masa ya riƙa zama.

Ya saki wata irin ƙara da har yau take dawo min a kunne. Ya baje a ƙasa, fitsari ya zubo masa, ya ɗago ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Na yar da tiyon na ce, "Duna, ba kai ba ne. Duna!" Ya ja ciki da baya, ya ja, sannan ya zabura. Bai zagaya igiya ba. Ta tsakiyar kauɗar ya keta, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan wata huɗu, ya faɗa cikin shanun Gidaɗo ya ɓace a tsakanin ƙafafunsu.

Na yi fito biyu. Na sake. Na yi ta yi har leɓena ya daina fitar da sauti, mutane suna tsaye suna kallona. Mai unguwa ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Tir. A gabana ka ɗaga wa yayanka hannu, Isiyaku?" Yaya Lukmanu ya sunkuya ya ɗauki tiyonsa ya tafi, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma na bi sawu har ruga. Yana kwance a bayan bukkar Gidaɗo kusa da uwarsa. Yana hango ni ya tashi ya koma bayan garke. Kwana uku ina zuwa, kwana uku yana yin haka. A na ukun Gidaɗo ya raka ni har bakin burtali, ya ce, "Ka bar shi a wurina. A nan babu mai tiyo."

Na ce, "Ban taɓa dukansa ba, Gidaɗo. Ko sau ɗaya."

Ya ce, "Na sani. Amma shi bai san ƙasa ka nufa ba."

Daga baya dattawa suka sa na je na ba Yaya Lukmanu haƙuri, na kuma bayar, don gaba yake da ni. Har yau bai ce shi ma ya yi kuskure ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Amma in na gama jin haushinsa kaf, sai in tarar da saura, kuma sauran ba nasa ba ne.

Duna yana nan da ransa. Kullum da hantsi yana biyo garke ta gefen shanyata, in saniya ta karkato sai ya zagaya ta bayan igiya ya mayar da ita, ba wanda ya sa shi. Ni kuma ina tsaye da ƙuli-ƙuli a aljihu. In na jefa masa can nesa, yakan tsaya ya ɗauka. In na miƙa a tafin hannu, sai ya tsaya taku goma, ya dubi hannun da ke miƙe, ya leƙa ɗayan ya ga me na riƙe, sannan ya juya ya bi shanu.